Jirgin da ba shi da inji: tambayoyin da ake yawan yi mana kan kulob ɗin shawagi da filinsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda na dawo Garwa ta arewacin Kamaru na fara ba samari labarin shekarun da na yi ina aikin sa kai a wani kulob ɗin jirgin shawagi a kudancin Faransa, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawowa, a majalisa bayan la'asar, a WhatsApp, har a wajen ɗaurin aure wani dattijo ya riƙe min hannu sai da na yi masa bayani. Yanzu da muka taru muna zama duk Lahadi muna neman hanyar da mu ma wata rana za mu samu namu filin, na ga gara in haɗa amsoshin wuri ɗaya, duk wanda ya shigo sabo ya karanta tukuna.

Wai menene jirgin shawagi ɗin nan?

Jirgin sama ne sosai, da fuka-fukai da jela da sandar tuƙi da kujerar matuƙi, inji ne kawai babu. Faransawa suna ce masa planeur. Fuka-fukansa dogaye ne sirara, jikinsa sumul kamar kifi, taya ɗaya ce babba a ƙarƙashin cikinsa shi yasa in yana ajiye zaka ga ya kwanta a kan fiffike ɗaya. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi koyarwa da su a Turai shi ne ASK 21 na kamfanin Schleicher a Jamus, kujera biyu gaba da baya, ɗalibi a gaba malami a baya, daga bakin wannan fiffike zuwa wancan mita 17.

In babu inji to ta yaya yake tashi?

Janshi ake yi, kuma hanya biyu ce. Ta farko injin ja: wani ƙaton inji ne da ake ajiyewa can ƙarshen fili, yana da gammo na ƙarfe da yake naɗe waya mai tsawon kilomita ɗaya ko fiye, a saƙala bakin wayar a ƙugiyar da ke cikin jirgin. Mutum ɗaya zai ɗaga fiffike ya daidaita shi, a ba mai inji alama ya fara ja a hankali, zaka ji wayar tana ja cikin ciyawa suuu har ta miƙe ta yi tauri, sai a ce masa ja duka. Wallahi ranar farko ban san lokacin da muka bar ƙasa ba, cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu mun kusa kilomita 100 a awa, hancin jirgin ya kalli sama ban ganin komai sai shuɗi, kafin minti ɗaya muna mita 400 da wani abu, sai naji ƙas, wayar ta saki, komai ya yi tsit sai ƙarar iska a jikin gilashi.

Ta biyu ƙaramin jirgi mai inji ne yake janka da igiya mai kamar mita 50 zuwa 60, ya kaika tsawon da kake so da wurin da kake so sannan ka ja ƙulli mai ruwan ɗorawa ka saki. Ta fi daɗi amma ta fi tsada nesa ba kusa ba, duba amsar kuɗi can ƙasa.

To bayan an saki waya me yake riƙe shi a sama?

Gaskiyar magana kullum sauka yake yi, amma a hankali ƙwarai. ASK 21 in ya yi asarar mita 1 na tsawo ya ci gaba kamar mita 34, wato in kana mita 1,000 a saman Garwa kuma iska a kwance take, zaka iya yin kilomita 30 da ɗoriya kafin taya ta taɓa ƙasa, ka wuce garin Pitowa nesa kenan. Manyan jiragen gasa suna yin 50 har 60. Dabarar ita ce ka samo iskar da take hawa da sauri fiye da yadda kai kake sauka.

Kuma wannan iskar duk mun santa tun muna yara, suna ne bamu sa mata ba. Ka tsaya kusa da mahauta da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ka kalli ungulu da shirwa, basa kaɗa fiffike ko sau ɗaya, zagaye kawai suke yi suna ƙanƙancewa har su ɓace maka. Rana ce ta dafa ƙasa, ƙasa ta dafa iskar da ke kanta, iska mai zafi ta fi sauƙi sai ta ɓalle ta yi sama kamar tururin tukunya, su kuma sun shiga tsakiyarta. Matuƙan Faransa famfo suke ce mata. Guguwar nan da take ɗaukar leda da ganye a bazara, wadda iyayenmu suke cewa a kauce mata, gindin irin wannan famfon ne ake gani saboda ƙura. In akwai laima a iska, a samanta ne farin gajimare mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yake haɗuwa, shi yasa matuƙi yake tsalle daga gajimare zuwa gajimare. A cikin jirgi akwai agogon hawa da sauka, in kana hawa yana kuka tit-tit-tit da sauri, in kana sauka ya koma gurnani. Na taɓa yin zagaye da wata mikiya a famfo ɗaya, tana ɗaya gefen ina ɗaya gefen, ta juyo kai ta kalle ni ta ci gaba da harkarta, minti biyu ta fi ni tsawo.

Akwai wasu hanyoyi biyu: iskar da take bugun dutse ta hau gefensa, irin wadda za a samu a jerin duwatsu kamar Tingilin ko gangaren nan na hanyar Gaundare, da kuma iskar da take yin igiyar ruwa a bayan manyan tsaunuka, ita ce take kai mutum can ƙololuwa.

In iskar ta ɗauke fa, faɗowa zai yi?

A'a Malam, sauka zai yi, kuma saukar da aka shirya mata. Duk saukar jirgin shawagi sau ɗaya ce babu sake gwadawa, saboda haka tun darasin farko ake horar da kai a kanta. Akwai birkin iska, wasu allunan da suke fitowa daga saman fiffike, da su kake ƙara ko rage gangara har ka ajiye taya daidai inda ka nufa. In ka yi nisa da gida kuma famfo ya ƙare sai ka zaɓi gona mai faɗi tun kana sama sosai ka sauka, Faransawa suna ce wa wannan zuwa wajen shanu, 'yan kulob su jawo tirela su zo, a cire fuka-fukai a loda a koma. Anan wajenmu filayen karal, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar laka da ake noman masakwa, bayan an girbe ta sun dace, abin tsoro shi ne suri da kututture da ƙasar da ta tsattsage.

Nisan nawa ake iya yi, tsawon nawa?

A watan Janairu 2003 wani Bajamushe Klaus Ohlmann ya yi kilomita 3,008 a yini ɗaya a kan tsaunukan Andes na Ajantina. A ranar 2 ga Satumba 2018 jirgin Perlan 2 ya haura mita 23,000 a can Ajantina ɗin dai, ninki biyu kenan na inda jirgin fasinja yake bi. Amma ɗan kulob na yau da kullum burinsa na farko lambar azurfa ce: awa 5 a sama, hawan mita 1,000 bayan saki, da tafiyar kilomita 50 shi kaɗai.

Wa ya fara wannan abu, kuma an taɓa yi a Afirka?

Otto Lilienthal na Jamus shi ya fara tsalle daga tudu da fuka-fukan da ya ƙera tun 1891, kuma a garin haka ya rasa ransa a 1896. 'Yan gidan Wright na Amurka ma da jirgin shawagi suka koyi tuƙi kafin su ɗora inji a 1903. Ya zama wasa na jama'a bayan yaƙin duniya na farko da aka takura wa Jamus kan jirage masu inji, sai ɗalibai suka hau dutsen Wasserkuppe a 1920 suna harhaɗa nasu da katako da yadi, kaga tun asali abin na masu ƙaramin ƙarfi ne da suka haɗa hannu.

A Afirka an yi kuma ana yi. Kwame Nkrumah ya buɗe makarantar shawagi a Afienya ta Gana a farkon shekarun 1960, matuƙiyar Jamus Hanna Reitsch ta jagorance ta har juyin mulkin 1966. An yi gasar duniya a Mafikeng ta Afirka ta Kudu a 2001, kuma duk ƙarshen shekara Turawa suna loda jiragensu a kwantena zuwa Bitterwasser a Namibiya saboda a can ana yin kilomita 1,000 a yini. Zafi da bushewar da muke kuka da su, su suke biyan kuɗi su je nema.

Me ake nufi da kulob na 'yan sa kai, wa yake biyansu?

Babu mai biyansu. Wannan ita ce amsar da na fi so mutane su riƙe, don in ba a gane ta ba sauran duk banza. Jirgi mai inji mutum ɗaya zai iya zuwa ya kunna ya tafi. Jirgin shawagi kafin mutum ɗaya ya tashi sai an samu mai inji, mai riƙe fiffike, mai saƙala waya, mai jawo wayar da mota bayan kowane tashi, mai rubuta lokacin tashi da sauka a littafi, mai kula da fili da rediyo a hannu, da waɗanda zasu turo jirgin in ya sauka. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, nan kam a zahiri ne. Aikin gayya ne tsantsa, yau ka tura nawa gobe in tura naka.

Inda na yi, malamin da ya koyar da ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai ritaya, bai taɓa karɓar ko sisi ba, mai riƙe asusu wata mai sayar da magani ce, mai gyaran inji manomi ne. Jiragen na kulob ne ba na kowa ba, ana zaɓen shugabanni duk shekara a babban taro ana karanta lissafi a gaban kowa, kuma kowane mamba akwai awannin aiki da ake binsa. Lokacin sanyi da ba a tashi, a rumfar jirage muke yini muna goge fuka-fukai, muna duba wayoyin tuƙi ɗaya bayan ɗaya. Na tuna wani tsoho da yake liƙa yadi a jelar wani jirgin katako, da dutsen guga ƙarami yake bi a hankali yana ɗame shi, in ya gama ya ƙwanƙwasa da yatsa ya kasa kunne kamar mai gwada kalangu.

Inaga mu wannan ɓangaren ba baƙo bane gare mu, mun san gayya mun san adashe mun san yadda unguwa take haɗuwa ta gina masallaci. Inda nake jin tsoro shi ne ɗorewa, wato zuwa aikin da ba mai gani, a watan da ba a tashi, shekara da shekaru.

Yaya yini ɗaya yake a filin?

Da safe a buɗe rumfa a fito da jirage a hankali don a cunkushe suke, kowane jirgi a zagaye shi a duba a sa hannu a littafinsa, sai taron safe na minti goma sha biyar kan yanayin iska da wanda zai riƙe wane aiki. Daga nan a shimfiɗa waya a fara. Ɗalibi zai iya yini cur a fili ya samu tashi uku na minti shida-shida, sauran lokacin turi da gudu da fiffike. Da yamma a wanke ƙwarin da suka manne a bakin fuka-fukai, a sa batura a caji, a mayar da komai, kuma ba a tafiya sai an rufe ƙofar rumfa. Wanda yake zuwa ya tashi ya gudu, sati biyu kowa ya gane shi.

Ni bana son tashi, ina da amfani a ciki?

Sosai ma, kai muka fi nema yanzu. Bakanike, mai walda, kafinta, tela, mai gyaran rediyo, malamin lekwal da zai koyar da lissafi da yanayi, wanda ya iya rubuta takarda da Faransanci mai kyau zuwa ofis, duk da wurinsu. Sai dai gyaran jikin jirgin kansa ba a yinsa da ka, sai ƙarƙashin wanda yake da takardar izinin sa hannu.

Wane irin fili ake buƙata?

Ba sai kwalta ba, ƙasa mai tauri ko ciyawa gajera ta isa. In da injin ja za a yi to tsawon ya kai kilomita ɗaya zuwa mita 1,200, don tsawon waya shi ke ba da tsawon hawa, faɗi kuma ya isa jirgi ya sauka a gefe alhali wani yana jiran tashi, babu wayar lantarki ko dogayen bishiyoyi a bakinsa biyu. Ana tashi ana sauka ne ana fuskantar iska, kuma nan Allah ya sauƙaƙa mana, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, layi ɗaya kenan, fili ɗaya zai yi duka biyun.

Wahalar fili anan ba a awo take ba. Dole a zauna da jauro da lawan har gaban Lamido, a bi ta wajen sufurefe, wato wakilin gwamnati na yankin, a tabbatar ba a tare burtali ba kuma ba a cinye gonar kowa ba. Waya mai gudu tana iya yanke ƙafar saniya ko ta yaro, saboda haka in makiyaya da mutanen ƙauyen basu ɗauki filin nasu ba, ba shinge da zai yi maganin abin. Ga tsidau da ƙaya masu fasa taya, ga suri da zai tsiro cikin sati ɗaya, ga zaizaya bayan ruwan farko. Kowace safiya sai an taka filin da ƙafa daga farko har ƙarshe.

Me zai hana a yi a filin jirgin Garwa tunda ga shi a shirye?

Filin ƙasa da ƙasa ne, jiragen fasinja suna sauka, sojojin sama ma suna nan, ba wurin da za a shimfiɗa waya kilomita ɗaya a bar yara suna tura jirgi bane. Haka Marwa-Salak, haka Hassan Djamous na Injamena. Kuma ko a daji ka samu fili, sama ba taka bace: a Kamaru hukumar CCAA ce take ba da izinin fili da rajistar jirgi da lasisi, a Cadi ADAC, zirga-zirgar sama kuma tana hannun hukumar ASECNA ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka. Da halin tsaron da ake ciki a yankin Arewa Mai Nisa, duk abin da zai tashi sama ba da sanin hukuma da sojoji ba neman fitina ne, shi yasa duk kyawun duwatsun Mandara da Rumsiki bama ma sa su a lissafi yanzu. Dan Allah kar wani ya ƙera abu a bayan gida yace zai gwada.

Yanayinmu ya dace kuwa? Wane wata ya fi?

Kowane lokaci da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana iya rufe gari har ka kasa ganin ƙetaren kogin Binuwai, mu kuma da ido muke tuƙi, in ba a gani ba a tashi. Maris da Afrilu famfo yana da ƙarfi kamar me kuma yana kaiwa sama sosai, amma zafi ya haura 40, ga guguwa da zata iya kifar da jirgin da aka ajiye ba a ɗaure ba. Damina gajimare masu kyau suna fitowa da hantsi, sai dai da yamma hadari yana haɗuwa da sauri, iskar da take gabansa kuwa ba a wasa da ita, da ka hango gabas ta yi baƙi kowa ya sauka. Ni a ganina ƙarshen Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko, su ne zinariya. Gaundare kuma da take kan tudu sama da mita 1,000 ta fi mu sanyi, aikin fili zai fi sauƙi a can.

Zafin nan ba zai lalata jirgin ba?

Zai iya. Ka lura kusan duk jiragen shawagi na zamani farare ne tas, dalili shi ne da zaren gilashi da gam ake yinsu, kuma an auna ƙarfinsu ne zuwa zafin digiri 54, in aka shafa musu fenti mai duhu aka bari a rana sun wuce haka. Na katako kuma gam ɗinsu baya son tsallen da muke yi daga laimar Agusta zuwa bushewar Janairu, ga gara. Murfin gilashi in ka goge shi da ƙura a kai ka kankare shi kenan, sai an zuba ruwa tukuna. Saboda haka rumfa mai kyau tana gaba da sayen jirgi, na sha faɗa a zama.

Shekara nawa ake farawa, kuma sai yaushe zan samu lasisi?

A dokar Turai yaro ɗan shekara 14 zai iya tashi shi kaɗai da izinin malami, lasisin da ake kira SPL kuma sai 16. Mafi ƙarancin abin da ake nema awa 15 na koyo, ciki da awa 10 tare da malami da awa 2 kai kaɗai, tashi da sauka 45, da tafiyar kilomita 50 kai kaɗai ko 100 da malami, sai jarabawar rubutu da ta sama. Wannan mafi ƙaranci ne fa, yawanci ana wuce haka. Wanda yake zuwa duk sati yana gamawa da wuri, mai zuwa wata-wata kullum baya yake komawa.

Ina sa gilashi, ina da jiki, ko ni mace ce, zan iya?

Gilashin ido baya hanawa, likitan da hukuma ta amince da shi ne zai duba ka ya ba da takarda. Nauyi kam akwai iyaka, kujera bata ɗaukar fiye da kilo 110 har da laimar tsira da kake goye da ita, wanda kuma bai kai nauyi ba ana ƙara masa dalma a gaba. Hajiya, tuƙin nan ba ƙarfi yake so ba, da yatsu uku ake riƙe sanda, kuma na ga 'yan mata da suka riga samari tashi su kaɗai saboda basa kokawa da jirgi. Hijabi ƙarami da wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa sun yi, abin da ba a so shi ne mayafi mai yawo da zai iya shiga cikin abin tuƙi. Maza ma babbar riga a ajiye ta a mota.

Akwai haɗari? Me zan gaya wa Baba?

Akwai, kuma kar ka ɓoye masa. Ana mutuwa a wannan wasan, mafi yawa kusa da ƙasa wajen tashi ko sauka, in gudu ya yi kaɗan fiffike ya daina ɗauka, ko an haɗa jirgi an manta wani ƙarfe ba a kulle ba, ko jirage biyu sun haɗu a famfo ɗaya. Kowanne akwai maganinsa da ake maimaitawa har ya zama jiki: malami zai saki waya da gangan kana tsakiyar hawa ya ga ko zaka dunƙufar da hanci nan take, a wayar akwai wani ɗan ƙarfe da aka yi shi don ya tsinke kafin jirgi ya ji ciwo, ana karanta jerin dubawa da baki kafin kowane tashi, akwai na'urar FLARM da take ƙara in wani jirgi ya kusanto.

Amma babbar kariya ita ce doka ɗaya: kowa a fili yana da ikon ya daka tsawa a tsaya. Na gani da idona, babban malaminmu mai shekara kusan saba'in ya rufe murfi an ɗaga fiffike waya ta fara miƙewa, sai wani yaro da bai fi wata biyu da zuwa ba ya ɗaga hannu biyu yana ihu a tsaya. Ashe jan keken da ake sa wa jela don turi yana nan maƙale ba a cire ba. Tsohon ya buɗe murfi ya fito, ya je ya miƙa wa yaron hannu a gaban kowa. Mu da aka rene mu da kunyar manya wannan sai mun koya da gangan, kuma manyan ne zasu fara ba da ƙofa. In Baba ya yarda, ka kawo shi zaman Lahadi ya yi tambayoyinsa da kansa, in bai yarda ba ka yi haƙuri ka riƙe aikin ƙasa tukuna.

Nawa abin yake ci?

Yana cikin hanyoyi mafi araha na shiga sama, saboda ba a biyan ma'aikata kamar yadda na faɗa a amsar 'yan sa kai. Inda na yi, ja ɗaya da inji bai wuce yuro 10 ba, kamar sefa 6,500, man da yake sha kuwa wajen lita ɗaya ne, jan jirgi mai inji kuma ya ninka haka uku ko huɗu. Sai kuɗin shekara da inshora da kuɗin awa. Mu nan abin da zai fi cin kuɗi ba sayen tsohon jirgin bane, ɗauko shi ne zuwa tashar Duwala, kwastan, jirgin ƙasa ko tirela har Gaundare sannan Garwa, da kawo mai duba shi duk shekara, da kayan gyara da ba a samu a kasuwa. Shi yasa bamu karɓi kuɗin kowa ba har yau, kuma duk wanda yace ka ba shi kuɗin rajista da sunan wannan tafiyar ba namu bane.

Da azumi fa, da lokacin salla?

Salla ba matsala, ana tsara tashi a tsakanin lokuta, mai doguwar tafiya kuma ya tambayi malamai hukuncin matafiyi. Azumi ne nake jan kunne: ƙarƙashin murfin gilashi kamar tanda yake, ƙishirwa tana rage hankali tun kafin ka ji ta, kuma sauka tana zuwa ne a ƙarshe lokacin da ka fi gajiya. In ya faɗo a bazara gara a mayar da watan na gyara da karatu.

Zai kai ni ga tuƙin jirgin fasinja?

Shi kaɗai a'a, wannan sai makarantar tuƙi da kuɗi masu yawa. Amma hannun da zaka samu anan baya barinka. A 1983 wani Boeing 767 na Air Canada mai ya ƙare masa a sama, kyaftin ɗin Bob Pearson matuƙin shawagi ne, ya sauke shi a tsohon filin soja na Gimli ba wanda ya mutu. Sullenberger da ya sauke jirgi a kogin Hudson a 2009 shi ma ya yi shawagi tun yana makarantar sojan sama.

Ni yanzu me zan fara yi?

Ka sayi karne, wato ƙaramin littafin rubutu, da biro. Kullum da ƙarfe 10, 12 da 3 ka fita ka kalli sama ka rubuta: daga ina iska take, akwai hazo ko babu, ƙarfe nawa gajimaren farko ya fito, ƙarfe nawa shirwa ta fara zagaye ba tare da kaɗa fiffike ba, guguwa nawa ka gani. Muna da mutum a Marwa da wani a Kusiri suna yin haka, muna son ƙari a Gaundare da Gidar da Lagdo, don in mun je gaban hukuma mu je da rubutun shekara guda a hannu. Ka gyara Faransancinka da lissafinka, dalibai masu tafiya karatu Faransa ko Jamus kuma ku nemi kulob mafi kusa da ku tun satin farko ku ce kun zo turi. Zaman Lahadi bayan la'asar ne, wannan satin zamu yanka kwali mu gwada inda nauyi ya kamata ya zauna a fiffike, kowa ya taho da almakashi da tsohon kwali.